Sululu da Burodin Jikarsa

Labarin da ya iso mana a tasha shi ne wai an kama Sululu a birni yana satar yara. Mai shayi ya ce yara bakwai aka samu a buhunsa. Kafin zancen ya kai bakin mai faci sun zama goma sha biyu, har da tagwaye, kuma wai jirgi mai saukar ungulu ne ya sauko ya sure shi kamar shaho da ɗan tsako. Wata tsohuwa ta rantse ta gan shi a talabijin, an rufe masa fuska da tawul, amma ta gane shi ta gwiwoyi.

To, jama'a, ku kwantar da hankalinku. Ni na je na gani, kuma gani ya kori ji. Babu buhu. Mutumin da ledar magani ke rinjayarsa, ina shi ina buhun yara? Yarinya ɗaya ce tak, kuma jikarsa ce, ɗiyar ɗiyarsa. Jirgin kuwa, 'yan sanda biyu ne a wata ƙaramar mota, ɗayan ma yana mura. Gaskiyar da ke ciki kawai ita ce an kama shi, kuma burodi ne sanadi.

Sululu ɗan kawuna ne, ni ɗan goggonsa, abokan wasa tun muna yawo ba wando. Sunan ni na laƙaba masa, don tafiyarsa ba ta da sauti. Sai ka gama gulmarsa tas, ka waiwayo ka tarar yana tsaye a bayanka tun daga bismillah. Dogo ne siriri, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Magana kuwa kamar da awo ake ba shi.

Kawu gyaran keken ɗinki yake yi, a wata rumfa mai warin mai da tsatsa, kawunan kekuna jere a kan benci kamar awaki a kasuwa. Yana da wata hanya tasa ta renon yara. Da yaro ya fara famfara, sai Kawu ya ɗauki ɗan noti ya ƙulle a tsumma, ya ɗaura masa a wuyan hannu, ya ce, "Kai wa tela na bayan layin dogo." Tsakanin rumfar da telan akwai babban titi, akwai layin jirgi, akwai lungun masu walda. Yaro zai fita yana waiwaye. Da ya sha kwana sai Kawu ya ja ƙofar rumfa ya bi shi daga nesa, yana laɓewa bayan manyan motoci da tarin katako. Yaro ya miƙa noti, Kawu ya yanke ta gajeriyar hanya ya riga shi dawowa, ya zauna yana goge kan keke kamar bai taɓa motsawa ba.

"Har ka dawo? To, miƙo min mai."

Iyakar yabon ke nan. Telan nan yana da gwangwani cike da notunan da bai taɓa buƙata ba. Kuma dokar ita ce yaro ba zai taɓa sani ba. Kawu yakan ce in yaro ya san kana bayansa, to ba shi ya je ba, kai ka je. Sululu sai da ya tara gemu, ranar da aka rufe Kawu, telan ya zo gaisuwa yana kuka ya faɗa masa. Ni kuwa babu wanda ya taɓa bi na. Inna ta aike ni sayen gishiri, in dawo washegari, ta dube ni ta ce, "Ina gishirin?"

Sululu ya gaji rumfar, ya gaji benci, ya gaji shirun. Da kunne yake gyara. Tela ya taka keke sau biyu, Sululu ya karkata kai ya ce bel ne, ko ya ce allura ce ta kwana a karkace. Ya yi aure, Allah ya ba shi ɗiya ɗaya. Bai taɓa kiran sunanta ba, kunyar ɗan fari, sai dai "yarinyar nan". Ni nake ce mata Likita, ko da yake ta sha faɗa min ita jini take aunawa a asibiti. A wurina duk wanda ya sa farar riga ya tsira min allura likita ne.

Zamani ya juya. Teloli suka koma kekuna masu wuta, masu ƙyafta fitila, waɗanda in sun lalace ba kunne suke so ba. Idonsa ya fara hazo. Sai kuma mai ɗakinsa ta rasu. Na sha tarar da shi a rumfa ya warware lafiyayyen keke yana sake ɗaurawa, don kawai hannu ya sami abin yi. Da Likita ta zo ta ce ya koma wurinsu ya riƙa zama da jikarsa in ta taso daga makaranta, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai ninke rigunansa.

Gidan nasu a can ƙololuwar wani bene yake, inda tsuntsu ma sai ya huta sau biyu kafin ya kai. Ƙofofi ne jere a doguwar baranda, kowace da lambarta, kowace a rufe. Maƙwabci ya gamu da kai a lif, ya zuba wa takalminsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Surukin mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba, yana durƙusawa ya gaida Sululu. Amma shi ba yarenmu ba ne, kuma a gida mai ƙofar ƙarfe ya tashi, direba ya kai shi, direba ya ɗauko shi. Bai taɓa ɓata ba a rayuwarsa, shi ya sa har yau bai san hanya ba sai waya ta faɗa masa.

Jikar shekararta bakwai. Sunan mahaifiyar Sululu aka sa mata, don haka yake ce mata Uwata. An ɗaura mata wani agogo mai tona asiri, in ta matsa daga falo zuwa banɗaki sai wayar uwarta ta sani. Daga gado sai mota, daga mota sai aji, daga aji sai mota. Na rantse yarinyar nan ta ɗauka a but ɗin mota burodi yake tsirowa.

Amma suka ɗinke, ita da kakanta. Motar makaranta ta sauke ta, yana tsaye a bakin ƙofar bene, ya karɓi jaka. Ya koya mata zura zare a allura, ita take zura masa tunda idonsa ya ƙi. Mutumin da ba ya iya haɗa jimla uku a jere ya koma mai ba da labari. Ya kira ni a waya, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Ka san yarinyar nan ta iya ɗaure noti?" Na ce to a nema mata rumfa.

Wata rana suna leƙen titi ta taga, ta nuna masa wani yaro babba yana tafiya shi kaɗai riƙe da leda. Ta ce, "Kaka, ina mamansa? Ta mutu ne?"

Maganar nan ce ta tsaya masa a rai. Daga ranar ya fara shiri, bai gaya wa kowa ba. A baranda suka yi titinsu, shi ne mota, yana tahowa yana "bib-bib" da tsufansa, ita tana duban dama da hagu. Ya koya mata gaida mai kanti. Ya nuna mata ta taga inda za ta tsaya, inda za ta ƙetara. Ya ja mata kunne: wanda ba ki sani ba, ko me ya ce miki, ki rufe bakinki gam. Kantin kuwa yana nan a kwanar titi, in ka tofa yawu daga tagarsu da iska mai kyau zai sauka a rufinsa.

Ranar da ya ga ta ƙware, sai ya ce, "Uwata, burodi ya ƙare. Ni kuma ƙafata tana ciwo."

Ta zaro ido. "Ni kaɗai?"

"Ke kaɗai."

Ta fita tana taku kamar mai ɗauke da ƙwai a kai. Ya bari lif ya rufe, ya bi ta matakala da silifas ɗin wanka, ba hula, ba waya, ba komai a aljihu. A ƙasa ya laɓe bayan kwandon shara. Ta matsa, ya matsa bayan wata farar mota, ya duƙa, ya leƙo da ido ɗaya. Yadda ubansa ya yi, haka ya yi, bai rage ko ɗaya ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne tagogi. A garinmu in mutum ya ga tsoho yana laɓe bayan yaro, murmushi zai yi ya kau da kai. A hawa na biyu kuwa akwai wata mata baƙuwa, 'yar wata ƙasa, tana ban ruwan furanninta. Me ta gani? Ƙaramar yarinya ita kaɗai a titi, da wani dogon tsoho yana rarrafe bayan motoci yana bin ta. Ku faɗi gaskiya, ku da me za ku yi? Ta ɗauki waya. A daidai lokacin agogon nan ya kai ƙara wurin Likita, tana tsakiyar aiki, cewa ɗiyarta ta bar gida.

Uwata ta ƙetara titi lafiya. Ta gaida mai kanti. Mai kantin da bakinsa ya faɗa min har "sannu da aiki" ta yi masa, ya ce rabon da wani ya ce masa haka tun yana saurayi. Ta fito rungume da burodi a ƙirji, fuska kamar an kunna fitila. Ta ƙetaro. Sai ta ga kakanta an jingina shi da mota, ɗan sanda riƙe da hannunsa, silifas ɗaya ya fita.

Mai murar ya duƙa ya ce mata, "Yarinya, kin san mutumin nan?"

Ta dube shi. Ba ta san shi ba. Ta rufe bakinta gam.

"Uwata, yi magana mana," in ji Sululu.

Ta juyo gare shi, idonta ya cika. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kaka, ka ce ni kaɗai."

Daga baya Sululu ya gaya min duk abin da ya biyo baya, da zaman benci a ofishin 'yan sanda, da Likita da ta shigo a guje da farar rigarta tana haki, da matar ofishin kula da yara da ta zo gida tana leƙa ɗakuna, babu wanda ya yi masa zafi kamar wannan maganar.

Ba wanda ya zage shi. Da ma an zage shi. Surukin ya durƙusa kamar kullum, ya ce, "Baba, titin nan bara mota ta buge wani yaro. Kuma an ce in aka sake, abin zai yi nisa." Aka sa yarinyar a wani wurin ajiyar yara, daga makaranta a wuce da ita can, sai iyayen sun tashi aiki su ɗauko ta da magariba, ta yi wanka, ta yi aikin gida, ta kwanta. An ce na ɗan lokaci ne.

Bayan 'yan makonni na samu lodi zuwa birnin, na ɗora masa kan kekensa da akwatin kayan aiki, na ce in kai masa, in kuma ga ɓarawon yara da idona. Da safe na isa, duk sun fita. Ya buɗe min ƙofa, ko ƙiƙ ba ta yi ba. Ashe duk ƙofofin gidan ya bi su da mai, da na ɗakuna, da na kabad, har da na firji. Gidan ya yi shiru irin na cikin rijiya. Ya rame, in ana iya cewa zare ya rame.

Na ce, "Ranka ya daɗe, shugaban ɓarayi! Ina buhun?"

Ya dafa min shayi, ya ɗauko wani guntun burodi daga leda, ya bushe ƙamas, in ka jefi ɓera da shi sai an yi jana'iza. Ya gutsuri kaɗan ya tsoma a nasa shayin, ya mayar da sauran ya ƙulle. Ni bai ba ni ba. A rikicin ranar babu wanda ya tuna da burodin, shi ya tsince shi a kujerar motar 'yan sanda.

Da la'asar na ga ya tashi ya tsaya a taga. Motar makaranta ta zo, ta sauke yaran wasu, ta wuce. Ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya dawo ya zauna, ya ɗauki allura da zare yana ta auna ramin yana kuskurewa.

Washegari ranar hutu ce, kowa yana gida. Muna cin abincin rana, cokula kawai ke magana. Uwata tana gefen uwarta, ba ta ɗaga kai ta dubi kakanta ba. Ni kuwa shiru ƙaiƙayi yake min. Na ce, "Likita, yaushe za a sako wa fursunan nan uwarsa? Ko sai ya fara shafa wa bango mai?"

Surukin ya yi tari. Likita ta ajiye cokali, ta ce wa yarinyar ta shiga ɗaki, ta jira har ƙofa ta rufe.

"Baffa, kai komai wasa ne. Ni na san abin da ake ji. Shekarata shida Baba ya ɗaura min tsumma a hannu ya tura ni bayan layin dogo. A lungun masu walda kare ya biyo ni. Na yi ihu, na kira Baba, na kira Inna, ba kowa. Na yi fitsari a tsaye. Da na dawo, me ya ce min? Miƙo min mai." Muryarta ta karye. "Har yau in na ji haushin kare sai na sauya hanya. Na yi alkawari ɗiyata ba za ta taɓa waiwayawa ta ga ba kowa ba. Ita dai ta ci sa'a, an bi ta. Ni wa ya bi ni?"

Na dubi Sululu. Kansa a ƙasa, yana murza gefen faranti da babban yatsa. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya janye ƙafar. Shekara talatin yana riƙe da dokar ubansa, ga kunyar ɗan fari a kai, ga suruki zaune. Ya miƙe ya ce zai yi alwala, ya fita ba sauti.

To ni ina wurin a ranar karen. Tare muka bi ta, ni da shi. Na ce yau ga ranata ta yin abin kirki.

"Likita, ki saurare ni. Ubanki yana bayan tulin ƙarafa a ranar, ni ina bayansa. Shi ya jefi karen. Kare kuwa ba ƙarami ba, ya kai ɗan maraƙi, haƙora kamar adda, idanu jajur. Ubanki ya ɗauki dutse, daga nan zuwa wancan benen, ya auna, ya sake shi, sai da karen ya tashi sama ya juya sau uku kafin ya..."

Na ga fuskarta ta sauya, na san na zarce. Bakin nan nawa kamar motar da burki ya tsinke mata a gangara.

Ta yi wani murmushi na gajiya. "Baffa, ɗan kwikwiyo ne. Baƙi, mai ɗingishi. Kuma ba kai ne ka ce ka taɓa tuƙa mota kwana biyu ba injin ba?"

"Wannan daban. Wannan wallahi..."

"Waccan ma wallahi ka ce. Na gode, na san so kake ka gyara." Ta fara tattara kwanuka. A bakin kicin ta tsaya, ta dubi ƙofar ɗakin ubanta, na ɗauka za ta ƙwanƙwasa. Sai ruwa ya fara zuba a famfo.

Da sassafe na shirya komawa. Sululu ya rako ni ƙasa, ya tsaya a bakin ƙofar bene, daidai inda yake tsayawa jiran motar makaranta. Na ce ya haura ya ninke rigunansa mu tafi, rumfa tana nan, benci yana nan, akwai sauran tsofaffin teloli biyu da ba su mutu ba. Ya girgiza kai. Ya ce jiya da za ta kwanta, Uwata ta turo masa allura ta ƙarƙashin ƙofa, da zare a zure. Zai jira.

Na tada mota. Ganin yadda ya tsaya shi kaɗai a gindin ƙaton benen nan, hannu a baya, sai na ji wani abu ya tokare ni, ni kuma in abu ya tokare ni da tsiya nake fitar da shi. Na leƙo ta taga.

"To, zauna, su ɗaura maka agogo kai ma. In na dawo zan roƙi Likita ta aike ka sayen burodi kai kaɗai. Kada ka ji tsoro, ina bayanka a laɓe."

Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai? Ai gara karen ya bi ni. Shi da ya yi haushi sau ɗaya, har yau an yarda da shi."